GANE IRIN KIFI TA HANYAR GWAJIN GADO

GABATARWA

Manomi ba ya zuba iri a rami sai ya san ko gero ne ko maiwa. Amma mai kiwon kifi sau da yawa yakan sayi 'ya'yan kifi dubu, tsawon kowanne bai kai ɗan yatsa ba, ya juye su a tafki, bai san ainihin abin da ya saya ba sai bayan wata huɗu ko biyar. Kafin nan kuwa abinci ya riga ya tafi. Haka mai sayen banda kwali-kwali, da mai sayen kifin da aka yanka gunduwa-gunduwa. Duk cinikin biri a sama suke yi, sai dai a dogara da bakin mai sayarwa.

Yanzu akwai hanyar da ake tabbatar da irin kifi daga ɗan tsokar jikinsa, ko da ba a ga kai ko wutsiya ba. Wannan takarda za ta bayyana yadda hanyar take, da abin da take iya faɗa maka, da abin da ba ta iya faɗa, da kuma yadda za ka ɗebi samfur da hannunka ba tare da ka ɓata shi ba.

INDA IDO KE ISA DA INDA BA YA ISA

In kifi babba ne, ɗanye, cikakke, ai ido ya isa. Ba mai koya wa masuncin Yawuri ko na Argungu bambancin giwan ruwa da bargi, ko ƙurungu da ragon ruwa. Wanda ya yi shekara talatin yana jan koma ya fi kowace takarda sanin kifin ruwansa.

Amma akwai wurare huɗu da ido ke gazawa:

1. 'Ya'yan kifi ƙanana. Alamomin da ake bambanta manya da su ba su gama fitowa ba.
2. Kifin da aka sarrafa, watau banda, da busasshe, da na ƙanƙara wanda aka cire wa kai da fata, da garin kifi da ake haɗa abincin dabbobi da shi.
3. Kifaye 'yan gida ɗaya masu kama da juna ƙwarai.
4. Kifi ruwa-biyu, wanda uwarsa daban, ubansa daban.

Har wa yau akwai rikicin suna. A ruwayen Nijeriya kaɗai akwai kifi fiye da iri 200, kuma kowane gari da sunan da yake ba su. Abin da wani ke ce wa karfasa wani gargaza yake ce masa. Yauni a wani wurin ɗan sarki ne. Wani lokaci kuma suna ɗaya ne ya rufe kifi iri uku. Saboda haka masana suka ba kowane iri suna guda mai kalma biyu, wanda ake amfani da shi a duk duniya. Za mu kawo wasu daga ciki a gaba.

KIFAYEN DA AKA FI RIKITAWA A WURINMU

(a) Tarwaɗa, ramboshi da ruwa-biyu

Tarwaɗa ita ce kifin da aka fi kiwo a Nijeriya. Fiffiken bayanta dogo ne, ya tashi daga bayan kai har kusa da wutsiya, duk da 'yan tsinkaye a cikinsa. Ramboshi kuwa fiffiken bayansa kashi biyu ne: na gaba mai tsinkaye, na baya kuma tsoka ce zalla mai kauri. Ramboshi ya fi tarwaɗa girma in ya daɗe, amma ya fi ta jinkirin balaga.

Masu ƙyanƙyasa sukan haɗa ƙwan ɗayan da ruwan namijin ɗayan, a sami ruwa-biyu. Shi wannan fiffikensa na tsoka gajere ne, ya tsaya tsakanin uwa da uba. Yana da saurin girma da juriya, don haka masu kiwo ke nemansa, kuma 'ya'yansa sun fi na tarwaɗa tsada a wurare da yawa. To, a nan matsala biyu ke shigowa. Ta ɗaya, a sayar maka da 'ya'yan tarwaɗa a kuɗin ruwa-biyu. Ta biyu ta fi muni: mai ƙyanƙyasa ya ga ƙaton kifi a tafki, ya ware shi ya zama uwa ko uba, alhali ruwa-biyu ne. Ruwa-biyu na ci ne, ba na iri ba. Ƙwansa ba shi da yawa kuma ba shi da kyau. Wasu sukan haihu, amma 'ya'yan ba sa fitowa bai ɗaya, kuma da haka jinin tarwaɗa da na ramboshi ke cakuɗewa a gidan ƙyanƙyasa har a rasa tsantsar kowanne.

Ita kanta tarwaɗa ba iri ɗaya ba ce. Akwai manya iri biyu a kogunanmu masu kama da juna ƙwarai. Masana kan buɗe marfin kumatu, su ƙidaya 'yan tsinkayen da ke jikin abin numfashi, masu kama da haƙoran mataji. A ɗaya ba su wuce 50, a ɗayar kuwa sukan haura 100 in kifin babba ne. A ƙaramin kifi wannan lissafi ba ya fita sosai.

(b) Karfasa

Karfasar Nilu ita ce ta kiwo, domin ta fi sauran girma. Alamarta ratsi-ratsi ne a tsaye a kan wutsiya, kuma macen ce ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Akwai kuma mai jan ciki, wadda ke zuba ƙwai a ƙasan ruwa, uwa da uba suna gadi. Akwai ta uku fara-fara, wadda mace da namiji duk suke riƙe ƙwai a baki. Waɗannan biyun ba su kai ta Nilu girma a tafki ba. Wanda ya je bakin dam ya kwaso 'ya'yan karfasa da koma, galibi gauraye ya kwaso. Zai ciyar da su duka, amma ba duka za su biya shi ba.

MENE NE GWAJIN GADO?

Jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wani siririn abu kamar zare, wanda masana ke kira DNA. Shi ne ke ɗauke da gado. Shi ya sa ɗan tarwaɗa ke fitowa tarwaɗa, shi ya sa ɗa ke kama da ubansa. A shekarar 1953 aka gano yadda fasalin wannan zare yake.

Ka ɗauka rubutu ne. Baƙaƙensa guda huɗu ne rak, ana nuna su da A, T, G da C, amma an jera su bi da bi har sun yi tsawon gaske. Rubutun karfasar Nilu ya kai wajen baƙi miliyan 1,000. Rubutun da ke cikin fiffike shi ne ke cikin tsoka, shi ne ke cikin wutsiya. Don haka ɗan yanki kaɗan ya isa.

Ba sai an karance rubutun duka ba. A shekarar 2003 wani masani mai suna Paul Hebert tare da abokan aikinsa a Jami'ar Guelph ta ƙasar Kanada suka nuna cewa akwai wani layi guda mai baƙi kamar 650, ana kiransa COI, wanda ya isa a bambanta yawancin dabbobi. Dalili kuwa shi ne: kifi biyu 'yan iri ɗaya, layin nan nasu kusan ɗaya ne, bambancin galibi bai kai baƙi 2 cikin 100 ba. In irin ya bambanta, sai ratar ta yi faɗi. Kamar shaidar da ke jikin shanu ke nan, sai dai wannan ba mai iya goge ta ko canza ta.

Daga 2005 aka fara wani aikin haɗin gwiwa na duniya don tattara wannan layi daga kowane irin kifi. Akan kama kifi, gwanaye su tabbatar da sunansa, a karanta layinsa, a ajiye a rumbun kwamfuta. Yanzu rumbun yana ɗauke da layukan dubban ire-iren kifi, kuma kowane ɗakin bincike yana iya leƙa shi ta intanet.

YADDA AKE YI A ƊAKIN BINCIKE

Aikin mataki huɗu ne:

1. A narkar da ɗan yankin tsokar da magunguna, a tace zaren gadon.
2. A hayayyafa layin da ake so. Abin da aka tace ya yi kaɗan, ba ya karantuwa. Sai a sa shi a wani inji mai zafafawa da sanyayawa. Kowane zagaye layin yakan ninka biyu. Bayan zagaye 30 zuwa 35, guda ɗaya ya zama miliyoyi. A 1983 aka ƙago wannan dabara.
3. Wani injin ya karanta baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.
4. A gwada abin da aka karanta da na rumbu, a ga wane kifi ya yi daidai da shi.

Aikin kansa 'yan kwanaki ne. Amma in sai an tura samfur wani gari ko wata ƙasa don karantawa, yakan ɗauki makonni. Ka sa wannan a lissafinka.

ABIN DA GWAJIN YA TONO A WASU ƘASASHE

Kada ka ɗauka algus a cinikin kifi namu ne mu kaɗai. A manyan kasuwannin ƙasashen waje, inda ake sayar da kifi a yanke, nan aka fara ganin amfanin wannan gwaji.

A 2008 wasu 'yan mata biyu 'yan makarantar sakandare a birnin New York na Amurka suka sayi kifi a shaguna da gidajen abinci, suka aika aka gwada. Kusan ɗaya cikin huɗu ba shi ne abin da aka rubuta ba. Har da karfasa aka samu ana sayar da ita da sunan wani kifin teku mai tsada.

A 2013 wata ƙungiya mai suna Oceana ta fitar da sakamakon samfur fiye da 1,200 da ta tara a Amurka. Kashi 33 cikin 100 sunan ƙarya ke kansu.

Abin bai tsaya ga kuɗi ba. A 2007 mutum biyu sun kamu da ciwo a birnin Chicago bayan sun ci kifin da aka shigo da shi da sunan wani kifi na ci. Da aka gwada, sai aka tarar wani kifi ne mai kumbura, mai dafi.

Kusa da mu kuma, a ƙasar Gana, wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa jinin wata baƙuwar karfasa da aka inganta a Asiya ya shiga gonakin kifi na yankin kogin Volta, alhali ba ita hukuma ta amince a yi kiwo ba a lokacin. Da ido ba wanda zai gane, domin kamarsu ɗaya da ta gida.

Mai niyyar fitar da banda waje ya lura: tun daga Disamba 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunan kimiyya na kifin a jikin kaya. In ka rubuta wani, aka gwada aka ga wani, kayanka ne za su tsaya.

ABIN DA GWAJIN BA YA FAƊA

Wannan sashe ka karanta shi sau biyu, domin a nan mutane ke yin kuskure.

Na ɗaya, layin COI daga uwa kaɗai ake gadonsa. Ka san alfadari: uwarsa goɗiya, ubansa jaki. In aka yi masa wannan gwaji, takarda za ta ce doki ne. To, haka ruwa-biyu. In uwarsa tarwaɗa ce, takarda za ta ce tarwaɗa, ba za ta ambaci ramboshi ba sam. Don a gane ruwa-biyu tilas a ƙara gwaji na biyu, wanda ke duba gadon uwa da na uba tare. Saboda haka ka faɗa wa masu bincike tun farko cewa ruwa-biyu kake zargi. In ba ka faɗa ba, za ka biya kuɗi ka karɓi amsar da ba ta tambayarka ba ce.

Na biyu, gwajin ba ya bambanta zuriya a cikin iri ɗaya. Misali, akwai karfasar da ake kira GIFT. An fara inganta ta a ƙasar Filifin a 1988, daga karfasar Nilu da aka tara daga Masar, Gana, Kenya da Senegal, da wasu na gonakin Asiya, ana zaɓen masu saurin girma zuriya bayan zuriya. Ita da karfasar Nilu ta koginmu iri ɗaya ne, kamar yadda Bunaji da Bokolo duk shanu ne. In wani ya ce ingantacciya yake sayarwa, layin COI shi kaɗai ba zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi ba. Wannan ma sai gwaji na musamman. Haka nan kifaye 'yan gida ɗaya na kusa-kusa, wani lokaci sai an ƙara duba wasu layukan.

Na uku, gwajin ba ya faɗin shekarun kifi, ko yana da cuta, ko ya tsumbure. A wurin aikina na sha ganin wanda ya zo yana rantsuwa an canza masa iri, alhali tarwaɗa ce tsantsa aka ba shi. Abin da ya faru, mai ƙyanƙyasa ya tace manyan ya sayar wa wasu, shi kuwa aka ba shi ragowar ƙasan kwano, waɗanda sun daɗe amma ba su girma ba. Wani kuma ruwansa ne ya lalace, wani abincin ne bai isa ba. Duk waɗannan gwajin suna ba zai warware su ba.

Na huɗu, rumbun mutane ne suka cika shi. In kifinka ba ya ciki, ko an shigar da shi da sunan da ba nasa ba, amsa za ta zo da rauni. Don haka ake haɗa samfur da hoto.

WA YA KAMATA YA YI, KUMA YAUSHE?

Gwajin da kuɗi ake yi, kuma ba kowane ciniki ya cancance shi ba. Mai sayen kifin miya ba ruwansa. Waɗanda ya kamata su yi tunaninsa su ne:

1. Mai gidan ƙyanƙyasa, kafin ya fara amfani da sababbin iyayen kifi. Uwa ɗaya mai kilo ɗaya tana ba da ƙwai dubbai masu yawa. In ita ce ba daidai ba, kuskuren zai bazu gonakin mutane da dama.
2. Ƙungiyar masu kiwo da ke sayen iri wuri guda. A yi karo-karo, a gwada sau ɗaya, kowa ya amfana.
3. Mai sayen banda ko garin kifi da yawa, ko mai fitarwa waje.
4. Hukumar da ke shirin zuba kifi a dam ko tafkin gari. Kifin da ya shiga dam ba ya fitowa. In baƙo ne, zai cakuɗa da na gida har abada.

Ka yi wannan lissafi da kanka. A ce ka zuba tarwaɗa 1,000 kana so kowace ta kai kilo ɗaya. Za su ci abinci tan ɗaya ko fiye, watau buhu sittin da 'yan kai ko sama, in buhun kilo 15 ne. Abinci shi ne ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Ka tambayi kuɗin buhu ɗaya yau, ka tambayi kuɗin gwaji, sa'an nan ka yanke shawara. Lokacin gwaji kuwa shi ne kafin a zuba kuɗi, ba bayan sun tafi ba.

YADDA ZA KA ƊEBI SAMFUR

Kafin ka taɓa kifi, ka fara tuntuɓar wurin da za su yi gwajin. Ka tambaye su kuɗi, da yawan kwanaki, da yadda suke so a kawo. Malamin kifi na ƙaramar hukumarka zai taimaka maka. Ana iya neman shawara a Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa kusa da tafkin Kainji, ko a sashen nazarin kifi na jami'ar da ke kusa da kai.

Kayan aiki: almakashi ko sabuwar reza, 'yan kwalabe masu murfi, fensir, takarda, abin awo, da sifirit na ɗakin bincike mai ƙarfin kashi 95 cikin 100. Masu binciken za su ba ka ko su gaya maka inda za ka samu. Kada ka yi amfani da fomalin, watau maganin da ake adana gawa da shi, domin yana lalata zaren gadon. Kada kuma ka zuba samfur a ruwa.

In kifi mai rai ne:

1. Ka shimfiɗa shi a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka aje abin awo a gefensa, ka ɗauki hoto da waya, fiffiken baya da wutsiya su fito sosai.
2. Ka yanki ɗan gefen fiffike ko wutsiya, kamar rabin farcen ƙaramin yatsa. Ba ya kashe kifin, kuma wurin yakan sake tofowa.
3. Ka jefa a kwalba nan take. Sifirit ya ninka tsokar kamar sau goma.
4. Kifi ɗaya, kwalba ɗaya. Kada ka haɗa biyu.
5. Ka wanke almakashi sarai kafin ka taɓa na gaba, ko ka ɗauki sabuwar reza. Ɗan majinar kifin farko ya isa ya rikita sakamakon na biyu.
6. Ka rubuta lamba da fensir a 'yar takarda. Ba da biro ba, domin sifirit yana wanke tawada.
7. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka zubar da sifirit ɗin ka sa sabo, saboda ruwan jikin tsokar ya rage masa ƙarfi.
8. Ka ajiye a inuwa mai sanyi, nesa da wuta. Sifirit yana kamawa.

In iyayen kifi ne, ka ware kowanne a wurinsa, ko ka yi masa alama, don ka san wace kwalba ce ta wane kifi. Sakamakon da ba ka san mai shi ba, ba shi da amfani.

In 'ya'ya ne ƙanana ƙwarai, sai a sa ɗan kifin gaba ɗaya a kwalba.

In banda ce ko busasshe, ka ɓare, ka ɗebo tsoka daga can ciki inda wuta ba ta ci ba, ka naɗe kowane a takarda mai tsabta daban. Wuta da gishiri da daɗewa suna tsinka zaren gado. Ka gaya musu banda ce, domin akwai gajeren layi da suke karantawa a irin wannan hali.

A littafinka ka rubuta lambar kwalba, ranar ɗiba, wurin da ka sayi kifin, da sunan da aka sayar maka da shi. In akwai alamar rigima za ta taso, ka ɗiba a gaban mai sayarwa da shaidu, a raba samfur biyu, kowa ya riƙe nasa.

KIFI NAWA ZA A GWADA?

Iyayen kifi, a gwada kowanne. 'Ya'ya kuwa ba zai yiwu ba, sai a ɗiba. Ka lura da wannan lissafi. A ce cikin kowane goma akwai baƙo ɗaya:

In ka gwada 5, damar kama baƙon kamar 4 ce cikin 10.
In ka gwada 10, kamar 2 ce cikin 3.
In ka gwada 30, ta kai kusan 96 cikin 100.

Ka ga ke nan gwada kifi biyu ko uku ba ya wanke kwano duka. Kuma kada ka bar mai sayarwa ya zaɓo maka. Ka sa hannu da kanka, ka ɗebo daga sama da ƙasa, manya da ƙanana, daga kowane tanki.

YADDA ZA KA KARANTA SAKAMAKO

Takarda za ta zo da sunan kimiyya da kuma lamba mai nuna yawan dacewa. Ga sunayen da za ka fi gani:

Tarwaɗar kiwo: Clarias gariepinus
Ɗayar tarwaɗar: Clarias anguillaris
Ramboshi: Heterobranchus longifilis ko Heterobranchus bidorsalis
Karfasar Nilu: Oreochromis niloticus
Karfasa mai jan ciki: Coptodon zillii
Farar karfasa: Sarotherodon galilaeus
Giwan ruwa: Lates niloticus
Bargi: Heterotis niloticus
Yauni: Gymnarchus niloticus

Ka lura, huɗu daga cikinsu sun ƙare da kalma ɗaya, wadda ke nufin kogin Nilu. Don haka ka karanta kalmomin biyu duka, kada ka tsaya ga ta ƙarshe.

In dacewar ta kai 98 zuwa 100 cikin 100 da suna guda, amsa ta yi ƙarfi. In ta gaza haka, ko kuma suna biyu suka zo kunnen doki, ka koma ka nemi bayani, kada ka yanke hukunci. In takarda ta ce tarwaɗa amma idonka na ganin fiffiken tsoka a bayan kifin, ka tuna da alfadari.

In sakamako ya nuna ba abin da ka biya aka ba ka ba, ka je wa mai sayarwa da takardar cikin lalama. Sau da yawa shi ma bai sani ba, haka ya sayi iyayen. In ya gyara, kowa ya huta. In ya ƙi, ka sanar da ƙungiyarku da malamin kifi.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Ka sayi iri a wurin da ka sani, inda za a nuna maka iyayen da idonka. Araha ba ta ado.
2. Kada ka mai da ruwa-biyu uwa ko uba, kome girmansa.
3. Gwajin COI sunan irin uwa yake faɗa. Ruwa-biyu da ingantacciyar zuriya sai gwaji na biyu.
4. Kifi ɗaya, kwalba ɗaya, lamba ɗaya, hoto ɗaya.
5. Sifirit mai ƙarfi, fensir, inuwa. Ban da fomalin.
6. A gwada kafin a zuba abinci.
7. Iri mai kyau ba ya hana canza ruwa, da tace manya daga ƙanana, da ciyarwa a kan lokaci.

Kama da wane ba ta wane. In kana da shakka a kan kifin da ka saya ko wanda kake shirin saya, ka tuntuɓi malamin gona ko malamin kifi mafi kusa da kai.